Buhun da Ban Janye Ba

Unguwar Ɗorawa, Kura.
7 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya. Ya jego, ya ruwan zafi? Abuzar yana barin ku barci kuwa? Ki gaishe min da Umma, ki ce mata ni da Kaka muna riƙe da gida, sau ɗaya kawai na ƙona tuwo. Baba lafiya lau, ya gama yankan shinkafa, yanzu shirin dashen tumatir ake yi.

Na ba Iya Tambaya maƙwabciyarmu takardar ta kawo miki idan ta zo kasuwar garinku, don ba zan iya faɗa ta wayar Baba ba. Kin san yana tsayawa a kaina har in gama. Ranar suna kuma mutane sun yi yawa. Don Allah ki karanta ke kaɗai, kada ki nuna wa Umma.

Tun da Umma ta tafi wajenki, ranakun Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya nake zuwa gidan Anti Murja mai ɗinki. Zuliha 'yar Malam Badamasi, maƙwabcin gonarmu, ita ta ja ni. Mu shida ne, saƙar hular jarirai ake koya mana, na so in yi wa Abuzar guda. Amma ba ma yin layi uku sai a ajiye zare, Anti Murja ta ciro karta daga durowar keken ɗinkinta. Irin ta wot ce da samari suke bugawa. Sai dai mu ba bugawa muke yi ba, duba muke koya.

Ta ce a waya ta ga wata mata tana yi, ita kuma ta ƙara da nata. Ta rubuta ma'anonin zanen da ke jikin kartar a bayan littafin awon kaya. Tauraro alheri ne ko aure. Ƙwallo baƙo ne ko tafiya. Kuros ciwo ne. Akwati gida ne ko wani na gida. Mai kusurwa uku kuwa kullum canza shi take yi. Mai tambaya za ta hura kartar sau uku, a baje ta a faifai, a ɗago guda. Kafin a fara sai Anti ta ce wasa ne, wadda ta yarda ita ta ɗauki zunubinta. Ranar da ta ce wa Nafisat, ɗaya daga cikinmu, za ta yi ciwon haƙori, Nafisat ta ce ai ba karta ce ta faɗa ba, Anti ta ga tana tauna rogo da gefe ɗaya ne.

Yaya, abin da ya dame ni shi ne na fi kowa iyawa. Ba wani abu nake gani ba. Kin san ni, idan na kai abinci gona ko na je injin casa, mutane suna hirarsu a gabana kamar randa ce a ajiye. To duk ina ji. Na ji wan Nafisat yana cewa zai bi motar kaya zuwa Legas bai faɗa a gida ba. Da ƙwallo ya fito mata sai na ce wani namiji a gidansu zai yi tafiya mai nisa. Bayan kwana biyu ya tafi. Yanzu sun daina ce min Kurma, Malama suke cewa. Idan kartar tana hannuna muryata ba ta rawa, kowa ya yi shiru yana kallon bakina. Ban taɓa jin irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, yana min daɗi.

Amma a Islamiyya an karanta mana cewa wanda ya je wajen mai duba, kwana arba'in ba a karɓar sallarsa. To wanda ya yi duban fa? Kuma har da na wasa? Na kasa tambayar malaminmu na Islamiyya. Idan kin sani ki rubuto min.

Hular ta kai rabi. Ki huta lafiya.

Ni ce ƙanwarki,
Humaira.

21 ga Oktoba.

Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya ke da Umma da yaro da maigidan. Na samu amsarki. Kin ce in daina zuwa, ko da wasa ne. Da na ji maganarki da ban rubuto wannan ba.

Kin san yadda ake yi a layin gonarmu. Ranar da aka sako mana ruwa daga kanal, Baba ne na sama. Sai ya tare 'yar hanyar ruwa da buhun ƙasa, ruwan ya juya cikin fangulanmu. Idan sun ƙoshi ya janye buhun, ruwa ya wuce wa Malam Badamasi. Shekara da shekaru haka suke yi, ba wanda ya taɓa tuna wa wani.

Ranar Alhamis ruwan namu ne. Malam Badamasi ya yi dashen tumatirinsa tun da asuba, irin kamfani mai tsada, yana jiran ruwa ya iso masa da azahar. Da hantsi aka aiko an yi rasuwa a Bunkure, shi da Baba suka hau babur ɗaya. Na kai abinci ke nan, Baba ya ce in zauna, idan fangalin ƙarshe ya cika in janye buhun. Rabin buhu ne, na sha jansa.

Na zauna. Fangalin ya ƙi cika. Na ji kiran sallar azahar, na tuna Anti Murja ta ce ranar ni zan riƙe karta tun daga farko har ƙarshe. Na ce bari in je in dawo kafin la'asar. Yaya, ban tuna ba sai da magariba, ina alwala na ga ruwa yana zuba daga buta. Lokacin an riga an rufe get ɗin kanal, kuma ruwa ba zai dawo layinmu ba sai bayan kwana uku.

Da Baba ya dawo ya tambaye ni ko na janye. Na gyaɗa kai.

Washegari ana idar da sallar asuba na ruga na janye buhun na jingine shi inda aka saba. Rarar ruwanmu ta bi magudanar ƙarshen gona ta tafi. Na leƙa gonar Malam Badamasi. Dashen duk ya kwanta a busasshiyar ƙasa kamar zaren da aka zubar. Ya yi ta jido ruwa a jarka daga kanal shi da 'ya'yansa, amma kaɗan ne suka tashi. Mutane suka zo suna dubawa. Wani ya nuna sawun shanu a inda suke tsallaka hanyar ruwan, ya ce ƙila nan ne bakin ya fashe. Wani ya ce wannan sawun ai ya daɗe. Ba a kama sunan kowa ba.

Da yamma na je gidan Anti Murja, don na ga idan ban je ba za a ce me ya hana ni. Zuliha ta zo idonta jawur, ta ce babanta ko abinci bai ci ba. Ta ce Malama ta duba mata wa ya hana su ruwa. Na ce kaina yana ciwo. Anti ta ce yau kuma Malama ce da jan aji, ko sai an ba ta goro? Suka yi dariya, aka tura min faifai.

Zuliha ta hura sau uku. Na ɗago, sai ga akwati, wato na gida. Na san takarda ce, ba ta san komai ba, amma na yi sauri na mayar da ita. Na ce wannan zamewa ta yi daga hannuna, ba ita na nufa ba. Na sake ɗagowa, ƙwallo mai lamba huɗu. Bakina ya riga ni. Na ce baƙo ne, kuma akwai ƙafa huɗu a cikin maganar. Nafisat ta ce shanu ke nan. Zuliha ta ce Baffa Jaji. Ni kuma ban ce a'a ba.

Kin san Baffa Jaji na rugar bayan kanal, mijin Goggo Halimatu mai kawo mana nono. Zuliha ta faɗa wa ummanta, amma ta ji tsoron ambaton karta, ta ce Humaira ce ta faɗa. Ummanta ta faɗa wa Malam Badamasi. Kafin maganar ta kai wajen mai unguwa ta zama wai na ga shanun da idona, tunda ni ce a gona ranar. Kuma kowa ya yarda. Cewa suke yarinyar da ko gaskiya da ƙyar take faɗa, ina za ta iya ƙarya.

Jiya mai unguwa ya ce kada shanun Baffa Jaji su sake shan ruwa a mashayar kanal ɗinmu, kada kuma su shiga karan shinkafar kowa, har sai an zauna ranar Juma'a ta sama. Idan ta tabbata, wasu suna cewa sai dai mutanen rugar su tashi. Ni za a kira in maimaita.

Ban san yadda zan yi ba. Kada ki faɗa wa Umma, hawan jininta zai tashi. Ki yi min addu'a, tunda ban san ko ana karɓar tawa ba.

Ƙanwarki,
Humaira.

28 ga Oktoba.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Abuzar ya warke daga murar da kika ce. A gaishe da Umma.

Na karanta takardarki sau huɗu. Kin ce ke ba za ki kira Baba ba, ni na ɗaura ni zan kwance, kuma idan Juma'a ta wuce ban faɗa ba kada in sake rubuto miki. Ban ji haushi ba.

Na gwada sau biyu. Na farko na durƙusa a gabansa bayan ya ci abinci, ya ce mene ne, na ce gishiri ya ƙare. Na biyu ma ban kai ga durƙusawa ba. Shi ma kwanan nan ba ya magana sosai, ko rediyo ba ya kunnawa.

Yanzu kullum da safe ina ganin shanun suna wucewa ta bayan makaranta, ana kai su wani tafki can hanyar Bunkure. Ba sa dawowa sai rana ta yi ja. Karan shinkafarmu yana nan yana bushewa a banza, bayan kowace shekara su suke cinyewa su bar mana taki.

Shekaranjiya Goggo Halimatu ta zo da nono. Na so in ɓuya a ɗaki, Kaka ta ce in fito da kwano. Ta auna ludayi biyar, sannan ta ƙara guda kamar yadda ta saba, ta ce wannan gyaran na 'yar shiru-shirunta ne. Ta tambayi lafiyarki da ta jariri. Da za ta ɗauki ƙwaryarta sai ta ce min a hankali, ita ta san ba na ƙarya, ƙila shanun wasu na gani masu wucewa, in ƙara tunawa da kyau. Ta ce farar saniyarsu mai karyayyen ƙaho cikinta ya tsufa, tafiyar nan tana ba ta wuya.

Ban iya shan nonon ba. Na dama wa Kaka fura da shi duka.

Ban koma gidan Anti Murja ba. Amma ƙwallo huɗun nan yana wajena, na sace shi ranar ban san dalili ba. Yana cikin jakar makarantata ta da, na kasa yar da shi na kasa kallonsa.

Ki huta lafiya.

Humaira.

4 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, na rubuto ne don na cika sharaɗinki.

Ranar Alhamis da na ga baki ya ƙi, sai na yi wa Baba irin yadda nake miki. Na rubuta komai a takarda da manyan baƙaƙe, na haɗa da kartar, na sa a kan murfin kwanon abincinsa na ɗaure da tsumma. Na kai gona na ajiye, na koma gindin darbejiya na juya baya. Ya daɗe yana karantawa, kin san boko a hankali yake binsa. Ya ninke ta ya sa a cikin hularsa. Ya ci abincinsa tas, ya wanke hannu, sannan ya ce in zo.

Na ɗauka duka zan sha. Sai ya kai ni fangalin ƙarshe. Ya ce washegarin ranar ruwan nan da safe da ya taka nan, ƙafarsa ta nutse har ta wuce idon sawu. Ya ce ƙasar da ta sha ruwa zuwa azahar kawai ba ta yin haka, manomi ya san abin da gonarsa ta sha. Tun ranar ya sani, Yaya. Ya ce da farko ya yi shiru don kada sunana ya ɓaci, kuma yana jin nauyin Malam Badamasi. Da ya ji an ambaci Jaji sai ya ce gobe zai yi magana, gobe ta yi ya sake cewa gobe. Ya ce shirun nan ciwon gidanmu ne, ba daga waje na ɗauko shi ba. Ban taɓa ganin Baba yana magana yana kallon ƙasa ba sai ranar.

Bayan sallar Juma'a aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Baba ya riga kowa, ya ce buhunsa ne ya tare ruwan, laifin nasa ne, shi ya bar wa yarinya aikin babba. Mai unguwa ya ce ya ji, amma da bakin yarinya aka hana shanu ruwa, da bakinta za a buɗe. Aka fito da ni daga zaure. Sau biyu ana cewa in ɗaga murya. Na faɗi na buhun, na faɗi na kartar, har da akwatin da na mayar. Wani tsoho ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi ya daina. Liman ya yi ta istigfari. Malam Badamasi ya ce shekara talatin yana noma, tsutsa ta ci shi, ambaliya ta ci shi, bai taɓa zaton karta ma za ta ci shi ba. Sannan ya tashi ya je ya kama hannun Baffa Jaji da hannu biyu.

An buɗe musu mashaya a ranar. Baba ya ba Malam Badamasi rabin irinmu da bai dasa ba, ni na taya su dashen jiya, kuma ni na janye buhun, Baba yana tsaye. Mijin Anti Murja ya ƙona kartar, ya ce ba za a sake taruwa a gidansa ba, har saƙar. Zuliha ba ta kula ni. Nafisat ta ce min a bakin famfo ashe gara kurma ta zauna a kurumtarta, da ta buɗe baki sau ɗaya ta ƙone unguwa. Suna da gaskiyarsu.

Ranar Asabar Baba ya raka ni ruga. Farar saniyar tana kwance a inuwa. Ta yi ɓari tun ranar Laraba a hanyar dawowa daga tafki, kwana ɗaya kafin in rubuta wa Baba takarda. Da na rubuta ranar da na ce gishiri ya ƙare, da ɗan maraƙin yana nan.

Na durƙusa na ba Baffa Jaji haƙuri. Ya ce maraƙi na Allah ne, Shi ya bayar Shi ya karɓa, ya yafe. Ya ce abu ɗaya kawai yake so ya sani. Shi ya kafa rugar nan tun Baba bai auri Umma ba, ranar sunana ma shi ya kawo ragon. To da aka ce baƙo, me ya sa duk muka ga shi ne? Na kalli Baba, shi kuma ya kalli saniyar. Baffa Jaji ya ce ba komai, mu gaida gida.

Yau da safe Goggo Halimatu ta zo. Ta gaishe da Kaka, ta amsa gaisuwata, ba ta ɓata fuska ba. Ta auna ludayi biyar cif, ta rufe ƙwaryarta da faifai ta ɗauka. Na tsaya da kwano a hannu har ta fita zaure.

Ga hular Abuzar nan na haɗo, na ƙarasa ta ni kaɗai, shi ya sa bakin ya ɗan karkace. Na ji an ce ranar Alhamis za ku yi arba'in Umma ta dawo. Kafin ta taho, don Allah ki zaunar da ita ki karanta mata takardun nan duka huɗu, tun daga ta farko. Kada ki tsallake komai.

Ki huta lafiya, Allah ya raya mana Abuzar.

Ni ce ƙanwarki,
Humaira Muhammadu Sani.